Yoyon da ba a ganin bakinsa: yadda ake farautar mai da ruwan da ke ɓacewa a injin mota

A garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a wuni ba a kawo motar da mai ita ke ƙorafin cewa baƙin mai ko ruwan inji na raguwa, amma an rasa ta inda yake fita. An canja wannan, an ɗaure wancan, an biya kuɗin aiki sau biyu, bayan kwana uku kuma ga tabo a ƙasa inda motar ta kwana. Ga mai taksi ko mai Hiace da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ƙonni, wannan ba ƙaramin abu ba ne: injin da mai ya ƙare masa a tsakiyar hanya yana iya ƙonewa cikin mintuna kaɗan, kuma yawancin motocin namu tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome. Robobinsu sun riga sun tsufa tun kafin zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ya ƙarasa busar da su.

Abin da ke rikita mutane shi ne, inda mai ya ɗiga ba nan ne ya fito ba. Mai yana bin jikin inji ya gangara, iskar tafiya da ta fanka kuma ta kora shi baya, sai ya taru a can ƙasa kusa da giya. Ƙura ta hau kansa ta zama baƙin laka da ya rufe ko'ina. Bakaniken da ya leƙa ƙarƙashi ya ga wurin a jiƙe, cikin sauƙi zai ce robar da ke tsakanin inji da giya ce ta mutu. Aikin wannan roba kuwa sai an sauke giya gaba ɗaya. Sau da yawa ainihin yoyon yana can sama, a robar murfin inji ko a ɗan makunnin da ke kunna fitilar mai a gaban direba, abubuwan da ake canjawa cikin awa ɗaya ba tare da an sauke komai ba.

Shi ya sa ƙwararru ba su fara da sifana. Suna fara da tambayar wane ruwa ne ma yake zuba. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar da dare, da safe a duba. Baƙin mai an san shi, daga ruwan zuma zuwa baƙi ƙirin. Man giyar otomatik ja ne, yana komawa ruwan ƙasa idan ya tsufa, kuma a motocin Toyota da yawa irinsa ake zubawa a sitiyari, saboda haka jan tabo na iya fitowa daga ɗaya cikin biyun. Ruwan sanyaya inji na gaske kore ne, ko ruwan hoda, ko shuɗi, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma guba ne: kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai gare shi. Idan kuwa farin ruwa ne garau a ɓangaren fasinja bayan an kunna na'urar sanyaya ɗaki, wannan gumin na'urar ne kawai, babu abin gyara.

Bayan an san ruwan, sai wanka. A bar inji ya huce, a rufe janareton caji da mahaɗar wayoyi da leda, a wanke lakar da sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Wanke inji da fetur, kamar yadda wasu yaran gareji ke yi, neman gobara ne. Daga nan sai dabarar da ba ta cin kuɗi: a barbaɗa farar hoda, irin ta jarirai, a wuraren da ake zargi, a tada inji ya yi minti 10 zuwa 15, a haska da tocila. Man zai ja layi a cikin hodar. A bi layin zuwa sama har inda ya fara, nan ne bakin yoyon. A inda ake da kayan aiki, akan zuba wani rini cikin mai wanda ke ƙyalli idan an haska shi da fitila ta musamman, amma hoda tana yin mafi yawan aikin.

Wasu injinan ma an san raunin kowannensu. A injinan Toyota na jerin ZZ, waɗanda ke cikin Corolla da Avensis na farkon shekarun 2000, akwai wata ƴar zoben roba a jikin abin da ke ɗame sarƙar inji, a bayan injin. Idan ta bushe, mai yakan jiƙa wannan gefen duka har a ɗauka babbar matsala ce. Injin 2AZ mai lita 2.4 na Camry da RAV4 na waɗannan shekarun kuwa, an san shi da sakin zaren kusoshin kan inji ta baya, ruwa ya riƙa tsatsa a wurin da ido ba ya kaiwa.

Akwai kuma yanayin da za a canja roba, bayan wata ɗaya wata ta fara. A nan laifin ba na robobin ba ne. Kowane inji yana da ɗan bawul da tiyo da ke fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa. Idan suka toshe da dauɗa, matsin da ke ciki sai ya tura mai ta kowace kafa. Cika mai fiye da alamar sandar awo ma yana jawo yoyo.

Yoyon ruwa ya fi na mai wayo, domin sau da yawa ba ya kaiwa ƙasa. Murfin radiyato yana riƙe matsi, galibi ba 0.9 zuwa 1.1 kamar yadda ake rubutawa a kansa, abin da ke sa ruwan ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Ƙaramin tsagu a tiyo ko a robar saman radiyato ba ya buɗewa sai inji ya yi zafi, kuma abin da ya fito nan take yake zama tururi. Abin da yake bari shi ne farin ɓawo ko tsatsa a bakin tiyo, ko a ƙasan famfon ruwa inda masu ƙera shi suka bar ɗan rami don ya nuna idan ya fara mutuwa. Hanya mafi tabbas ita ce famfon gwaji da ake ɗaurawa a madadin murfin, a hura iska inji na sanyi, a ga ko allura za ta sauka. Shi kansa murfin a gwada shi, don wanda ya saki yakan bar ruwa ya riƙa ficewa. A taɓa shimfiɗar ƙafar fasinja kuma: akwai ƙaramin radiyato na ɗumama ɗaki a bayan dashbod, wanda a ƙasarmu kusan an manta da shi, amma ruwa na bi ta cikinsa. Kada a taɓa buɗe murfin radiyato inji na zafi.

Idan an duba ko'ina babu jiƙa amma ruwa na tafiya, to yana shiga cikin injin ne ta abin da kanikawanmu ke kira juwan kulas. Alamunsa su ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa a radiyato, ko mai ya koma kamar shayi da madara. Ɗanyen ƙwai ko garin tonka da wasu direbobi ke zubawa na iya kai mota gari na gaba, amma yana toshe ƙananan hanyoyin radiyato. Ruwan rijiya ko na famfo zalla, shi kuma, shi ne ke kawo tsatsar da ke huda ƙarfe tun farko.

Ga ƴan uwa da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Faransa da suka saya wa ƙane mota yana nema, kafin a turo kuɗin babban aiki, a nemi a wanke injin a ɗauko bidiyon inda man ke fitowa a turo ta WhatsApp, a kuma ajiye tsohon kayan da aka cire. Bakanike mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

Mai guda ɗaya ne ba a jira da shi ko na kwana ɗaya: man birki. Fari ne mai ɗan rawaya, mai santsi, yana cin fenti. Yakan ragu kaɗan-kaɗan yayin da takalman birki ke cinyewa, amma idan ya sauka da sauri babu tabo a bayan tayoyi, akwai yiwuwar yana zuba ne daga babban famfon birki zuwa cikin baƙin gangan da ke manne a bayansa, inda ba a gani sai an kwance. Idan feda ta fara nitsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa yayin da aka taka aka riƙe, a ajiye motar a inda take, a kira bakanike ya zo ya same ta.