Wutar Jin Ɗumi Tana Shan Iska Tare da Mu

A hunturun 2023 na kai wa kawuna ziyara a wani ƙauye kusa da Jos. Da sassafe na iske shi zaune bakin gado ya dafe kai, matarsa kuwa tana kukan jiri da tashin zuciya. Ya ce mini, "Malam, zazzaɓin cizon sauro ne ya kama mu mu biyu a dare ɗaya." Da na ɗaga ido sai na ga gilashin taga yana ɗigar ruwa, an kuma cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. A kusurwa ga sabon murhun gas na dumama ɗaki wanda ɗansa ya sayo masa. Na ce, "Kawu, mu fita waje tukuna." Kafin a gama dama kunu ciwon kan ya soma sauka.

Irin wannan murhu, wanda ba shi da bututun fitar da hayaƙi, yana da yawa a Amurka. Can sukan gina shi cikin bangon falo, da itatuwan ƙarya waɗanda ba su ƙonewa, gas yana ci a tsakaninsu. Mutane suna sonsa domin dukan zafinsa a ɗaki yake tsayawa. Amma abin da ya hana zafin fita shi ne ya hana sauran abubuwan da wuta take haifarwa fita. Saboda haka har a can ba ko'ina aka yarda da shi ba. Jihar Kalifoniya ta hana sa shi a gidajen kwana, Kanada ma haka. Ƙanensa ne ake sayarwa a kasuwanninmu yanzu, wanda ake haɗa shi da tukunyar gas ta girki.

Bari mu yi ɗan lissafi kamar yadda nakan yi da 'yan aji shida. Cikin kashi 100 na iskar da muke shaƙa, kashi 21 ne oksijin, watau sashen da ke riƙe da rai. Wuta ma shi take ci. A ɗauki ɗaki irin namu, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, ƙafa 9 zuwa silin. In an toshe shi sarai, ƙasa da rabin kilo na gas ya isa ya saukar da oksijin daga kashi 21 zuwa 18. Matsakaicin murhu yakan ƙone wannan cikin sa'a ɗaya da rabi, ko biyu. Ba mu ma lissafta numfashin maigida da uwargida da yara uku da ke kwance a tabarma ba.

Sa'ad da oksijin ya ragu, wuta ba ta iya cin gas ɗin sosai. Daga nan sai ta soma fitar da wata iska mai dafi wadda ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da kuke ji in tukunya tana yoyo, masu sayarwa ne suka zuba wani abu a ciki domin gargaɗi, amma wannan iska ba mai zuba mata kome. In ta shiga huhu takan manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagaya jiki da ita a maimakon abin da jiki yake bukata. Farkonta ciwon kai, da jiri, da kasala, da amai. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, daga barci sai suma. A Amurka kaɗai, da dukan dokokinsu, fiye da mutum 400 suke mutuwa kowace shekara ta dalilinta, ban da waɗanda gobara ta ci.

Tun 1980 ake sa wa irin wannan murhu a Amurka wata 'yar na'ura wadda takan yanke gas in oksijin ya sauka wajen kashi 18. Abu ne mai kyau, kada kuwa kowa ya saya sai ya tabbata murhun yana da ita. Amma oksijin kaɗai take tsaro, ba ta san dafin nan ba. Murhun da ƙura ta toshe masa kafofin shan iska yana iya fitar da dafi alhali na'urar ba ta motsa ba. Masu ƙera shi sun ce a share kafofin nan kowane wata uku. Su ba su san hunturu ba. Mu da ƙura takan rufe tebur tsakanin safe da azahar, kowane mako ya kamata mu duba. Harshen wuta na ƙaramin murhu shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya yana lilo, ko baƙi ya soma taruwa a bango, a kashe shi har mai gyara ya gani.

Ƙa'idarsu ta kuma iyakance girmansa. Da ma'aunin zafi da suke kira BTU, babba duka ba ya wuce 40,000, na ɗakin kwana kuwa ba ya wuce 10,000. A ganina, a gidajenmu kada ma ya kwana a kunne ko kaɗan. A dumama ɗaki da maraice, a kashe, a ja bargo.

Ruwan da na gani a tagar kawuna fa? Kowane kilo 1 na gas da ya ƙone yakan bar tururin ruwa wajen lita 1 da rabi a cikin ɗaki. Shi ke sa bango ya yi fumfuna, tufafi su yi wari. Amma yana da amfani guda, gama shaida ne da ido ke gani. In taga tana gumi, iska ba ta sauyawa.

Wani zai ce kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaka, maijego ma akan hura mata wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Gaskiya ne. Amma ɗakinsu jinka ne, iska tana ratsa ciyawa, tana shiga ta ƙarƙashin asabari. Mu kuwa mun yi bulo da siminti, mun sa silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe, sa'an nan muka ɗauko kaskon gawayi na dā muka shigar. Gawayi ya fi gas haɗari nesa, domin garwashin da ya daina hayaƙi, wanda uwargida take cewa ya nuna, har yanzu yana fitar da dafin. Haka nan janareta a zaure ko a bakin taga, da kunna murhun girki domin jin ɗumi.

Iska tana bukatar hanya biyu, ta shiga da ta fita. Muddin wuta tana ci, a bar taga a buɗe misalin faɗin yatsu biyu ko uku, a cire tsumman ƙarƙashin ƙofa, kafofin nan da magina suka bari a saman bango kuma kada a liƙe su da takarda. Lalle ɗan sanyi zai shigo. Wanda yake da hali ya sayi ƙararrawa mai batir wadda takan yi kuka in ta ji dafin, ya rataye ta kusa da wurin kwana.

In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, ciwon kuma ya yi sauƙi da sun fita, kada a tsaya neman maganin zazzaɓi. A fitar da kowa, a kashe wutar, a buɗe ƙofa da tagogi. Wanda ya suma, ko ya rikice, ko yana amai, a kai shi asibiti nan da nan, haka kuma mace mai ciki da jariri ko da sun yi kamar sun warke. A faɗa wa likita a fili cewa da wuta aka kwana, domin ya san oksijin zai ba su. Ran nan da hantsi na kai kawuna da matarsa aka duba su, da muka dawo kuwa shi da kansa ya hau kujera ya ɓamɓare kwalin da ya liƙe kafofin bango da shi.