Za'afaran: Sunan da Muka Sani da Tsiron da Ba Mu Taɓa Gani Ba



Akwai kalmomi a Hausa waɗanda suka riga abin da suke nufi isowa ƙasarmu, suka zauna, suka yi gida, alhali kuwa shi abin bai taɓa tsirowa a gonakinmu ba. Za'afaran yana cikinsu. Kalmar ta Larabci ce, kuma daga Larabcin ne Turawa ma suka aro nasu sunan. Almajirin da ya yi nisa a fiƙihu ya san ta, domin an hana mai harami sa tufafin da za'afaran ya taɓa. Malamin zaure ya san ta wajen tawadar rubutun sha. Amma da za a zaga kasuwar Zango ko ta Daura a tambayi masu sayar da kayan ƙamshi yadda tsiron yake, da wuya a sami mai bayani, kuma ba laifinsu ba ne.

Tsiron ƙarami ne, tsawonsa bai wuce taƙi ba, masana kuwa suna kiransa Crocus sativus. Yana da kai a cikin ƙasa kamar na albasa, yana fid da fure mai launin shuɗi da ya sirka da ja. A tsakiyar kowane fure akwai zare uku jajaye, to waɗannan zaruruwa su ne za'afaran, sauran furen yayi ne. Ana bukatar fure wajen 150,000 kafin a tara kilo ɗaya busasshe, kuma da hannu ake tsinkarsa da asuba, cikin mako biyu zuwa uku na Oktoba da Nuwamba. Wannan shi ne asalin tsadarsa. Wani abin mamaki kuma, ba ya yin iri ko kaɗan. Ƙwayoyin gadonsa jeri uku ne maimakon biyu, saboda haka bakarare ne, sai dai a haƙo kan a raba a sake dasawa. A 2019 masu nazarin ƙwayoyin gado suka nuna cewa ya samo asali daga wani furen daji na ƙasar Girka. Yau Iran ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi, musamman lardin Khurasan. Ana noma shi kuma a Kashmir da Sifen, a Afirka kuwa an fi saninsa a Taliwin, cikin duwatsun Maroko.

To, me zai hana manomin Zango ya gwada, tun da kuɗinsa ya kai haka? Amsar tana ga yanayi. Kan za'afaran yana son ya kwanta barci a busasshiyar ƙasa duk tsawon lokacin zafi, sa'an nan in sanyi ya sauko zuwa wajen digiri 17 ya farka ya yi fure. A wurinmu abin a juye yake: ruwan damina yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da ƙasa ke da ɗumi, kuma ɗumi da danshi tare su ne ke ruɓar da kan. Hunturunmu yana da sanyin dare, amma rana tana take shi. Duk wanda ya zo wa manomi da maganar sayen kan za'afaran don ya yi arziki, ya kamata a tambaye shi inda ya ga an girbe shi a irin jigawarmu.

Game da abin da ke cikinsa, sinadarai uku ne ke riƙe da darajarsa. Kurosin shi ke ba da launi, kuma yana narkewa a ruwa, abin da ya sa zare kaɗan ke rina tukunya guda. Fikurokurosin shi ke ba da ɗaci. Na uku, watau safaranal, shi ne ƙamshin, kuma ba shi da yawa a ɗanyen zare, sai lokacin shanya ne mai ɗacin nan yake rikiɗewa ya zama shi. Ashe ke nan shanya rabin sana'ar ce, kamar yadda take ga mai daddawa. Da auna waɗannan uku ne ma'aunin duniya mai lamba ISO 3632 yake rarraba za'afaran daraja-daraja.

Maganar magani ita ce ta fi bukatar natsuwa. Tun zamanin Ibn Sina likitocin Musulunci suke cewa za'afaran yana faranta zuciya. A 2004 da 2005 likitoci a Jami'ar Koyon Likitanci ta Tehran suka gwada wannan magana. Suka ba masu matsakaicin ciwon damuwa miligiram 30 kullum har mako shida, suka kwatanta su da masu shan magungunan asibiti, imipramine da fluoxetine, sai suka ga sauƙin da aka samu ya yi kusa da juna. A 2010 aka yi irin wannan gwaji kan ciwon mantuwa na tsufa, a Italiya kuma kan raunin gani na tsofaffi. Sakamakon yana da ban sha'awa, amma a lura da girmansa. Gwajin 2004 mutum 30 ne, na 2005 mutum 40, kwanakin kaɗan ne, kuma yawancin irin waɗannan gwaje-gwaje daga ƙasar da ke sayar da hajar suka fito. Wannan bai ƙaryata su ba, sai dai a ganina bai isa ya sa mai ciwo ya ajiye maganin likitansa ba. Haka kuma abin da ke magani a miligiram yana iya zama guba a giram. Daga giram 5 ana ɗaukarsa da haɗari, kuma mai yawa yana motsa mahaifa, don haka mace mai ciki ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa abinci.

Sa'an nan ga matsalar jabu, wadda ta fi shafarmu. Abu mai tsada irin wannan ba ya rasa masu algus: ana haɗa shi da gangamau, ko gemun masara da aka rina, ko garin rini zalla. Garin da ake ƙullawa a leda a sayar da araha da sunan za'afaran, hankali ma ya san kuɗinsa bai kai na fure ɗari ba. Gwajin mai sauƙi ne. A jefa zare cikin ruwan sanyi: na gaskiya yana sakin launin ɗorawa sannu a hankali, shi kuwa zaren ya zauna da jansa, na jabu kuma nan take yake rina ruwan ya koɗe. Wanda ke wanke irin wannan gari daga allo ya sha, rini yake sha, kuma babu ɗaya daga binciken da na ambata da ya shafe shi.

A gefe guda kuma akwai jan fure wanda jigawar Daura ke karɓa hannu biyu, watau zoɓo, wanda ake tarawa a kasuwanni irin ta Maigatari a kai har Mekziko. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutum 65 ko dai kofi uku na zoɓo kullum ko wani abin sha mai kama da shi, har mako shida, sai awon jini na sama ya sauka da kimanin maki 7 ga masu shan zoɓon. Shi ma gwajin ƙarami ne, kuma ba da sukari aka cika shi ba kamar yadda muke yi a gidajen biki.