Daga Amya Zuwa Akwati: Kiwon Zuma da Aikin Ƙungiya a Ƙasar Zuru

Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar Zuru da rani, ko ta Dabai, ko ta Ribah, ko ta Mahuta, idan ya ɗaga kai ya dubi manyan itatuwan ɗorawa da kaɗanya, ba zai rasa ganin wani abu mai kama da ganga an saƙale shi tsakanin rassa ba. Wannan ita ce amya, wato ɗakin da manomi yake saƙa wa ƙudan zuma da ciyawa, ya shafe da kashin shanu ko laka, ya turara, sa'an nan ya hau da ita bisa ya jira baƙi su tare. Masarautar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru, Danko-Wasagu, Fakai da Sakaba, tana kudancin Jihar Kebbi, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, ga duwatsu, ga itatuwa masu fure. Wuri ne da ya dace da zuma ƙwarai. Amma fa sa amya abu ne daban, kiwon zuma kuma abu ne daban. Na farko mutum ɗaya yana iya yinsa. Na biyu kuwa, kamar yadda za a gani, da wuya ya yi albarka sai an haɗa kai.

Abin da wuta take ƙonewa

Irin ƙudan zuman da ke Afirka ta Yamma masana suna kiransa Apis mellifera adansonii. A cikin kowace amya mai rai akwai sarauniya guda ɗaya tak, wadda ba ta da wani aiki sai saka ƙwai; a lokacin wadata tana iya saka fiye da 1,000 a yini guda. Akwai ma'aikata dubbai, dukkansu mata, su ne masu gini da reno da gadi da fita neman abinci. Sai kuma maza 'yan ƙalilan, waɗanda amfaninsu shi ne barbarar sabuwar sarauniya. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya ana ɗaukar kwana 19 zuwa 21. A duk tsawon wannan lokaci ma'aikata suna tsare zafin wurin renon a kan digiri 34 zuwa 35 na ma'aunin Salsiyas, ko ana hunturu ko ana zafin bazara.

To, a tsohuwar hanyar ɗiban zuma, mai amya yakan hau itace da dare riƙe da damin ciyawa mai ci da wuta. Ya kori ƙudan, ya yanke duk saƙar da hannunsa ya kai gare ta. A cikin duhu ba shi da halin bambance saƙar da ke ɗauke da nunanniyar zuma da wadda ke ɗauke da ƙwai da tsutsotsi. Ma'aikata da yawa sukan ƙone, wani lokaci har da sarauniya. Waɗanda suka tsira kuwa sai su yi ƙaura, domin ƙudan zuman Afirka sun shahara da saurin barin gida in an dame su, ko in abinci da ruwa sun yanke.

Akwai wata asarar da ido ba ya gani. Kakin da ake gina saƙa da shi daga jikin ma'aikata yake fitowa, kuma kafin su samar da kilo 1 na kaki sai sun sha zuma kimanin kilo 6 zuwa 8. Wato duk saƙar renon da aka lalata a banza, sai an biya kuɗin sake gina ta da zumar baɗi.

Ratar da ta canza sana'ar

A shekarar 1851 wani limamin coci a birnin Filadelfiya ta Amurka, mai suna Lorenzo Langstroth, ya gina wani akwati bisa wata ɗabi'a ta ƙudan zuma. Idan suka sami rata mai faɗin milimita 6 zuwa 9 a cikin gidansu, sai su bar ta a matsayin hanya. In ratar ta fi haka ƙanƙanta, sai su liƙe ta da danƙon da suke tarawa daga itatuwa. In ta fi haka faɗi, sai su cike ta da saƙa. Saboda haka ya jera firam-firam na katako a cikin akwati da wannan rata tsakaninsu, ta yadda za a iya zaro kowace saƙa ita kaɗai, a duba ta, a mayar. Ya yi rajistar wannan ƙira a 1852, kuma har yau akwatin yana ɗauke da sunansa.

Sai dai akwatin Langstroth yana bukatar aikin kafinta na ƙwarai da kaya masu tsada. A farkon shekarun 1970, masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada tare da abokan aikinsu na Kenya suka fito da wani mai sauƙi, wanda ake kira akwatin Kenya. Siffarsa kamar kwamin ban-ruwan dabbobi, sama da faɗi, ƙasa da tsukewa. Ana rufe bakinsa da sandunan katako jere da juna, a shafa ɗan kaki a tsakiyar cikin kowace sanda, ƙudan kuma su rataya saƙa ɗaya a ƙarƙashin kowace. Gangaren bangon yana hana su manne saƙar da jikin akwatin sosai.

Asirin duka yana ga faɗin sandar. Ga ƙudan Afirka, waɗanda suka ɗan fi na Turai ƙanƙanta, milimita 32 ake so. In kafinta ya yi ganganci ya yanka ta 40, sai ƙudan su gina saƙa a karkace, ta haɗe sanda biyu ko uku, akwatin ya koma amya mai tsada kawai. Wannan darasi ne mai kyau ga ɗalibin da ke ganin awo da rula wahalar banza ce.

Abin da ƙungiya take yi

Da akwati ya zo, sai bukatu suka ƙaru. Ana bukatar rigar kariya mai raga a fuska, da safar hannu, da takalman roba, da gwangwanin hayaƙi mai zugazugi. Mai akwati biyu ko uku ba zai iya sayen waɗannan don amfanin 'yan kwanaki a shekara ba, amma mutum goma suna iya sayen saiti biyu su riƙa karɓa-karɓa. Haka kuma suna iya yin adashe su ba kafinta ɗaya aikin akwatuna da yawa, su tsaya a kansa har ya ƙware da awon. Aikin haɗin gwiwa ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Ban da gayya da kowa ya sani, Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da golmo, inda samari ke taruwa su yi noma a gonar surukai.

Buɗe akwati aikin mutum biyu ne aƙalla: ɗaya yana busa hayaƙi, ɗaya yana ɗaga sanduna. Hayaƙin nan ba don a gasa ƙudan ba ne. Idan ma'aikaciya ta yi harbi, takan saki wani sinadari mai ƙamshi kamar na ayaba, wanda ke kiran 'yan'uwanta su kawo ɗauki. Hayaƙi mai sanyi yana rufe wannan ƙamshi, yana kuma sa ƙudan su duƙufa kan shan zuma. Busasshen kashin shanu ko totuwar masara sun isa. A wajen irin wannan aiki ne sabon shiga yake koyon bambance saƙar da aka rufe da farin kaki, wato nunanniyar zuma, da mai rufi ruwan ƙasa wadda 'ya'ya ke ciki. Littafi ba ya koyar da wannan kamar yadda ido ke koyarwa.

Akwai kuma batun tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi sassan Danko-Wasagu da Sakaba, alal misali a 2021 da 2022, sun sa shiga daji mai nisa da dare ya zama kasada. Akwatunan da aka tara wuri guda a bayan gari, bisa ƙafafun ƙarfe ko a rataye da waya, ana iya duba su da yamma kafin duhu, ana kuma iya gadinsu daga ɓarayi, da tururuwa, da dage.

Ƙudan zuma ba su san iyakar gona ba

Babban dalilin haɗin kai ya wuce maganar kayan aiki. Ma'aikaciya takan yi tafiyar kilomita 2 zuwa 3 daga gida don neman abinci, wani lokaci ma fiye. In ta samu, sai ta dawo ta yi wata rawa a jikin saƙa, wadda ke nuna wa sauran inda abincin yake ta fuskar rana da kuma nisansa. Karl von Frisch, masani ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya warware ma'anar wannan rawa, ya kuma sami kyautar Nobel a 1973. Yanzu ɗalibi ya ɗauki alƙalami: da'ira mai nisan kilomita 3 daga tsakiya zuwa baki tana da faɗin murabba'in kilomita 28 da 'yan kai, wato hekta fiye da 2,800. Babu manomin da ya mallaki wannan fili shi kaɗai. Makiyayar akwati guda ta ƙunshi gonakin ɗaruruwan mutane.

Ma'anar wannan ita ce, idan wani ya fesa wa wakensa maganin ƙwari da hantsi alhali yana cikin fure, ƙudan maƙwabcinsa ne za su mutu. Idan mafarauta suka cinna wa daji wuta, ko masu gawayi suka sare kaɗanya, abincin rani ne ya tafi. Mangwaro, da kaɗanya, da ɗorawa duk da rani suke fure, tsakanin Disamba da Maris, kuma daga gare su ne ake samun zumar da ake ɗiba kafin faɗuwar damina. Mutum ɗaya ba shi da bakin da zai hana feshi ko sara. Ƙungiya kuwa tana iya zama da mai unguwa da hakimi da malaman gona, a yi yarjejeniya: a riƙa feshi da yamma liƙis bayan ƙudan sun koma gida, a sanar da masu akwati tun da wuri, a kuma share ciyawa kewaye da wurin kiwo kafin lokacin gobara.

Abin da zai sa manomin da ba ya kiwon zuma ya yarda shi ne, shi ma yana da riba a ciki. Yayin da ƙudan ke yawo daga fure zuwa fure suna ɗaukar garin fure a gashin jikinsu, da haka ake samun barbarar tsirrai. Dawa da gero da masara iska ce ke yi musu wannan aiki, amma wasu amfanin gona sun dogara ƙwarai ga ƙwari. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa da aka hana ƙwari kaiwa ga furanni, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Kaɗanya ma tana bukatar ƙudan zuma kafin ta yi 'ya'ya sosai, saboda haka matan da ke yin man kaɗe suna da hannun jari a kowace amya ko da ba su sani ba.

Ruwa ma kan jawo rigima. A watan Maris da Afrilu ƙudan suna ɗebo ruwa su shimfiɗa a saƙa, su yi ta fifita da fukafukai don sanyaya gida. In ba su samu kusa ba, sai su cika bakin rijiya ko famfon unguwa. Kasko cike da ruwa, da 'yan karare a ciki don kada su nutse, ya isa ya kashe wannan fitina, muddin an raba kwanakin cika shi tsakanin 'yan ƙungiya.

Sunan zuma a kasuwa

Ruwan zaƙin da ake ɗebowa daga fure yawancinsa ruwa ne, sau da yawa fiye da rabi. Ƙudan suna busar da shi har ruwan ya koma ƙasa da kashi 20 cikin 100 kafin su rufe shi da kaki, kuma wannan adadi shi ne iyakar da ƙa'idar abinci ta duniya ta amince da ita. Zumar da aka ɗiba kafin a rufe ta takan yi kumfa ta yi tsami. Wadda aka dafa a wuta don a raba ta da saƙa takan yi baƙi, ta rasa ƙamshinta. Hanyar da ta dace ita ce a farfasa saƙar cikin bokiti mai tsabta, a tace da ƙyalle mai laushi, a bar ta ta kwanta. Sauran kakin kuma, wanda da yawa ke zubarwa, yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, ana yin kyandir da man takalmi da man shafawa da shi.

Gwaje-gwajen da ake yi a kasuwa, irin su tsoma ashana ko ɗiga zuma cikin ruwa, ba su isa su tona asirin wadda aka gauraya da sukari ba. Abin da mai saye ke dogara da shi a ƙarshe shi ne sunan mai sayarwa, kuma algus ɗin mutum ɗaya yana iya ɓata sunan gari guda. Shi ya sa ƙungiyar da ta san ciwon kanta take tace zumarta wuri ɗaya, a gaban kowa. Yana da kyau kuma iyaye su sani cewa likitoci sun hana ba jariri ɗan ƙasa da shekara 1 zuma, komai kyanta, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

A makarantun sakandare, ƙungiyar matasa manoma tana iya farawa da akwati biyu, nesa da ajujuwa da rijiya da turken dabbobi, bayan an tabbatar da cewa babu ɗalibin da harbi ke sa wa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi. Mai irin wannan alama asibiti za a kai shi nan take. Tsohuwar Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, wadda ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, tana nan kusa ga malamin da ke neman shawara. Aikin da ya fi dacewa da ɗalibai shi ne riƙe littafi: ranar da kowace itaciya ta fara fure, ranar da ƙudan suka tare, nauyin zumar da aka ɗiba, da yawan saƙar da aka bar musu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin a tsakiyar damina ruwan sama kan tsare su a gida kwana da kwanaki, kuma akwatin da aka kwashe ƙarƙaf a Afrilu sau da yawa fanko ake tarar da shi a Agusta.