Haddi ko Ta'aziri: Matsayin Mai Shan Ƙwaya Tsakanin Fiƙihu da Dokar Ƙasa

Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kan tabar wiwi ba, domin ba ta yaɗu cikin Musulmi ba sai wajejen ƙarni na bakwai na Hijira. Da ta yaɗu, malamai suka haɗu a kan haramcin shan abin da zai gusar da hankali daga cikinta, amma suka saɓa a kan uƙubar mai sha.

Imam Al-Ƙarafi, Bamaliken da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi, kamar giya, da mai gurɓata hankali ba tare da nishaɗin ba, da mai sa barci, wanda ke tafiyar da ji da gani. Ya sanya wiwi a kashi na biyu, don haka hukuncinta ta'aziri ne. Ibn Taimiyya kuwa ya ga cewa jin daɗi masu shanta suke nema, sai a tsayar musu da haddin giya.

Haddi ƙayyadadde ne, bulala tamanin a mazhabar Malik. Ta'aziri kuwa an bar shi ga ijtihadin shugaba gwargwadon maslaha, kuma wannan faɗin shi ake buƙata a yau. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya da mutum miliyan 14.3. Babu kurkukun da zai ɗauke su. Amma dokar da ta kafa hukumar NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya yi amfani da hodar iblis da makamantanta. Matashin da tiramol ko kodin ya kama, asibiti da sana'a sun fi zame masa ladabi fiye da zama ɗaki guda da 'yan fashi, kuma ƙa'idar ta'aziri ta ba alƙali wannan dama.

Dillali kuwa babinsa daban ne, na masu ɓarna a bayan ƙasa. A kan haka Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa ga mai fasa-ƙwaurin ƙwayoyi a 1407 bayan Hijira.