Wasan da harsashinka shi ne jarinka

Duk uban da ya taɓa leƙa wayar ɗansa lokacin da yake buga gem ɗin harbi, zai lura abu biyu ne ke tafiya tare. Akwai harbin kansa, sannan akwai tara maki, sayen makami da ƙara wa jarumi ƙarfi. Na biyun ne ke hana yaro ajiye waya, ba na farkon ba. Ni da na yi shekaru ina sayar da kayan lantarki na hannu a Kwatano, na bi sawun wannan haɗi, sai ya kai ni Japan ta shekarun 1980.

A wancan lokaci wasanni iri biyu ne suka yi tashe. Na farko na harbi ne zalla: abokan gaba na zubowa, kana kakkaɓe su, saurin yatsa kawai ake nema. Na biyu shi ake kira RPG, inda kake ɗaukar jarumi yana rarrauna, ka yi ta yawo da shi kana magana da mutane, kana tara kuɗi da kaya har ya ƙasaita. Sai wasu ƙananan kamfanonin Japan suka ce me zai hana a zuba su a tukunya ɗaya, a ɗora su kan labaran almarar kimiyya, wato na kumbo, mutum-mutumi da wasu duniyoyi?

Na'urar da suka fi yi wa aiki ita ce kwamfutar NEC PC-8801, wadda ta fito a 1981. Ƙwaƙwalwar aikinta kilobayit 64 ce kacal. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka yau ya ninka wannan sau da dama. Da wannan ɗan jari suka yi kasuwancinsu.

A 1985 aka fitar da The Screamer, labarin wani ɗakin bincike da miyagun halittu suka cika bayan yaƙin duniya na uku. Yawon cikinsa na RPG ne, amma in an yi kiciɓis da dodo, da hannunka za ka yi harbin. A 1986 kamfanin Arsys Software ya kawo Wibarm, inda mutum-mutumi mai rikiɗa ke yawo a gari, in ya shiga gini sai ka ga lungunan kamar kai ne a ciki. Bayan shekara biyu, a 1988, kamfanin ya fitar da Star Cruiser. A nan da idon jarumin kake kallo: ka tuƙa kumbo tsakanin duniyoyi, ka sauka, ka yi magana da mutane, ka yi faɗa. Sai a 1993 Doom na Amurka ya fito, wanda mutane da yawa suka san harbi ta idon ɗan wasa da shi. Amma Star Cruiser da harshen Japananci aka yi shi, kan na'urorin da galibi a can ake sayar da su, shi ya sa sunansa bai yi nisa ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne The Guardian Legend na kamfanin Compile, wanda ya fito a 1988 kan Famicom ta Nintendo. Kwaikwayon wannan na'ura ne muka yi ta sayarwa a kasuwanninmu, mai kaset ruwan ɗorawa da bindigar roba ta harbin agwagi. Kaset-kaset ɗin da suka bi ta hannuna yawanci gajerun wasanni ne irin su Contra da Mario, dogo irin wannan bai cika shigowa ba.

A cikinsa wata jaruma ce mai rikiɗa ta zama jirgin yaƙi. An tura ta ta tarwatsa wata duniya mai suna Naju da ta nufo tamu cike da miyagun halittu. Rabin wasan a ƙafa take tana bincike ɗaki-ɗaki, rabi kuma tana tashi tana harbi. To ga inda ya burge ni a matsayina na ɗan kasuwa: abin da take tsinta a hanya, shi ne harsashin manyan makamanta, kuma shi ne kuɗin da take saye da shi a shago. In ka yi ɓarin wuta don jin daɗi, za ka isa gaban mai shago hannu wofi. In ka ƙi kashewa gaba ɗaya, a gama da kai a hanya. Wanda ya taɓa tsayawa a kan iyaka yana lissafin abin da zai biya na hanya da abin da zai bari na sarin kaya, ya san wannan hali sarai.

Ga bambancin da nake so iyaye su riƙe. A da, sau ɗaya kake biya, ranar da ka sayi faifai ko kaset. Daga nan duk ƙarfin da jaruminka ya samu, da haƙuri da lissafi ka same shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yau da yawa daga wasannin waya kyauta ake sauke su, amma shagon da ke ciki kuɗin gaske yake karɓa. Tsanin da ake hawa da gumi, yanzu ana sayar da matakansa. Kuma mu da muke yawan tafiya, muna barin waya mai kuɗi a ciki a hannun iyali, mu ne abin ya fi shafa.

Ba na cewa a ƙwace waya, don ƙwace ba ya hana yaro aro wajen aboki. Shawarata, ka zauna kusa da shi ka ce ya nuna maka shagon wasan. Ka tambaye shi: wannan bindigar da wasa ake samun ta ko da kuɗi? In da wasa ne, a yanka masa lokaci, bayan makaranta da Islamiyya. In da kuɗi ne, a sa wa sayayyar wayar lambar sirri, kuma uwar gida ta san da zancen kafin ka kama hanya. Yaron da ya iya bambance abin da ya tara da abin da aka saya masa, ya fara koyon riƙon shago tun kafin a damƙa masa makulli.