ITATUWAN DAJINMU: Wurin Zamansu, da Danginsu, da Waɗanda ke Ƙarewa

Ya kai manomi, da kai dagaci mai riƙon ƙasa, wannan takarda a kan itatuwan da ba wanda ya dasa ne, watau waɗanda suka tsiro da kansu a daji da gonaki. Mun saba da su har ba mu lissafa su cikin dukiya. Ga shi kuwa waɗansunsu sun kama hanyar ƙarewa, kuma ba mai iya tsaron abin da bai sani ba.

KOWANE ITACE DA ƘASARSA

In ka tashi daga Kaduna ka nufi arewa har Damagaram, kana lura da bakin hanya, za ka ratsa daji iri uku. Daga Kaduna har ka wuce Zariya, inda ruwan sama yakan kai wajen inci 40 ko fiye a shekara, dajin doka ne. Doka takan tsaya garke garke, tare da ita akwai maje da kaɗanya da taura da kawo da madobiya, ciyawa kuwa takan fi mutum tsawo. Da ka kusa Kano, inda ruwan ya ragu zuwa wajen inci 30, sai daji ya buɗe, ka riƙa ganin kuka da tsamiya da ɗorawa da marke da gawo a tsakiyar gonaki, sabara da kalgo kuma a cikin saura. Wajen Nguru da Damagaram ruwa da ƙyar yake kai inci 20. A can ƙaya ce ke sarauta: dakwara mai ƙaro, da aduwa, da magarya, da dashi, da anza, ga ƙarangiya mai kama riga.

A shekarar 1949 wani Baturen daji mai suna Keay ya buga littafi a kan dazuzzukan Nijeriya, ya kira waɗannan kashi uku dajin Gini, da dajin Sudan, da dajin Sahil. Har yanzu da sunayen nan ake koyarwa a makarantu. Kada ka rikice, Sudan ɗin nan ba ƙasar da mahajjata suka saba ratsawa a da ba ce, sunan dajin da Kano ke ciki ne.

Ko a cikin ƙasar ƙauye guda ma haka abin yake. Giginya da kanya suna son damshi, maɗaci yakan bi bakin rafi, geza tana kan tudu mai tsakuwa, tsamiya kuwa sau da yawa a kan suri za ka same ta. In ka ga tumfafiya da ƙarangiya suna yawaita inda kakanninka suka tsinci kaɗanya, to, ƙasar tana gaya maka ta gaji.

DANGIN ITATUWA

Masana sun karkasa tsire-tsire dangi dangi, kamar yadda ake bin asalin mutane. Ba ganye ko tsawo suke dubawa ba tun da fari, fure da 'ya'ya suke dubawa. Tun 1753, sa'ad da wani masani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus ya buga littafinsa, ake ba kowane tsiro suna biyu da Latin, ɗaya na gidansu, ɗaya nasa na kansa. Sunayenmu na Hausa ma an tattara su: Likita Dalziel ya buga su a littafi a 1916, kuma sunan doka na Latin, watau Isoberlinia doka, yana ɗauke da kalmarmu.

Dubi namijin kaɗe. Mun ba shi wannan suna domin ganyensa ya yi kama da na kaɗanya, amma ko kusa ba danginta ba ne. Kuka kuwa, duk da girmanta, 'yar'uwar kuɓewa ce da rama da yakuwa da auduga. Wanda ya sha miyar kuka da ta kuɓewa ba zai yi mamaki ƙwarai ba.

Dangin da ya fi kamata ka sani shi ne na masu kwanso irin na wake. Gyaɗa da wake suna ciki, haka kuma gawo da ɗorawa da ƙirya da bagaruwa da madobiya. Da yawa daga cikinsu suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa, inda waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani suke ɗebo abincin shuka daga iska su sa a ƙasa. Gawo ya fi duka kirki ga manomi, gama yakan zubar da ganye da damina, hatsi ya sami rana da taki a ƙarƙashinsa, sa'an nan ya yi ganye da rani, dabbobi su sami inuwa da 'ya'yansa.

WAƊANDA KE ƘAREWA

Akwai wata ƙungiya, IUCN, mazauninta a ƙasar Suwizalan, wadda tun 1964 take riƙe da lissafin dabbobi da tsire-tsiren da ake jin tsoron ɓacewarsu. Ana kiransa Jan Lissafi, yana da hawa hawa, daga wanda ba a damu da shi ba har zuwa wanda ya ɓace ƙaf. Kaɗanya da maɗaci da kawo suna hawa na farko na haɗari. Madobiya kuwa tun 2018 aka sa ta a hawa na biyu.

Labarin madobiya abin tausayi ne. Ka san ta da furenta rawaya a lokacin hunturu, da jan ruwan da ke fita in an sare ta, kamar jini. Makiyaya suna sassaɓe rassanta domin shanu da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare. Amma katakonta yana da tsada a ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje na alfarma da shi. Daga wajen 2013 masu inji suka shiga dazuzzuka, musamman a Taraba, suka yi ta kayar da ita ana lodi zuwa bakin teku. A 2017 aka sa ta cikin yarjejeniyar ƙasashen duniya da ake kira CITES, wadda ta hana fitar da ita sai da takardar izni, a 2018 kuma aka shawarci ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya. A taron 2022 aka sa kawo da maɗaci cikin yarjejeniyar.

Amma takarda ba ta tare gatari a daji, dagaci ne ke tarewa. Kaɗanya ma ba baƙo ne ke kashe ta ba, mu ne, domin gawayi da turmi. Itacen da yakan shekara 15 ko 20 kafin ya fara 'ya'ya, mutum ya ƙone shi rana ɗaya saboda 'yan buhunan gawayi, mata kuma su rasa man kaɗe har tsawon rayuwarsu.

ABIN DA ZA KA YI

Ba sai ka sayi dashe ba. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Manoma suka fara barinsu su tashi, suna kiran aikin sassaben zamani. Bayan shekara 20 da 'yan kai aka kimanta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar sun kai eka miliyan 12.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, zaɓi kututturan itatuwa masu amfani. A kowane ɗaya bar tofo uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, yanke sauran. Aske rassan gefe har rabin tsawon tofon da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya tsage. Kada ka tara shara ka sa wuta kusa da su.

Kai kuwa dagaci, tara dattawa da masu unguwa, ku rubuta sunayen itatuwan da ke ƙasarku, da waɗanda tsofaffi suka sani amma yanzu babu. Ku keɓe manyan kaɗanya da maɗaci da kawo da madobiya su zama iyayen iri, kada kowa ya taɓa su. In baƙo ya zo da inji, ka nemi ganin takardarsa, ka aika wa hakimi da malamin daji kafin a kayar da ko guda.