Ƙwayoyin da ke son zafi, abokan manomi

Mun saba jin cewa wuta tana kashe ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne. Amma Allah ya halicci waɗansu ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, da ba su rayuwa sai cikin zafi mai tsanani.

A Tafadak, arewa da Agadas, ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Cikin irin wannan marmaro, a Yellowstone ta ƙasar Amurka, wani masani mai suna Thomas Brock ya gano wata ƙwaya a 1966. Tana hayayyafa a zafin digiri 70. Da sinadarinta aka yi gwajin cutar korona a 2020. A 1977 kuma, masana sun tarar da maɓuɓɓugan zafi a ƙarƙashin teku, zurfin mita 2.500. A irin wannan wuri akwai ƙwayar da ke hayayyafa har a digiri 122, alhali a tukunya ruwa yana tafasa a digiri 100.

Wani zai ce, ashe tafasa ruwan sha banza ne? Ko kaɗan! Jikin mutum digiri 37 ne, ya yi wa waɗannan ƙwayoyi sanyi. Masu kawo kwalara da zawo kuwa ba su jure tafasa. Mu ci gaba da tafasa ruwa.

Mu nan Madawa, Buza da Keita, masu son zafi suna cikin ramin takinmu. Su ne ke cin kara da kashin dabbobi, har tsakiyar taki ya kai digiri 60. Wannan zafi yana kashe yawancin irin ciyawa da ƙwan tsutsotsi. Kashin da aka kai gona ɗanye kuwa yana tafe da su duka.

Ga yadda za mu taimake su. A haƙa rami a inuwa. A jera yankakken kara, kashin dabbobi da toka kaɗan, hawa-hawa. A yayyafa ruwa ya jiƙe, kada ya kwanta. A juya bayan kowane mako biyu don iska ta shiga. A soka sanda a tsakiya. In ta fito da zafi, aiki yana tafiya.

Cikin wata biyu ko uku taki zai nuna, ya yi baƙi, ya huce. Lokacin ne za a kai shi fadamar albasa ko ramukan tasa na gonar hatsi.